FASHIN BAƘI: Lasisi A Aljihu, Kujera A Nesa: Lissafin Da Ke Gaban Mai Son Zama Matuƙin Jirgin Sama

A wa'adin mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Gwamnan Kano na lokacin, Rabi'u Musa Kwankwaso, ya ɗauki nauyin matasa 100 zuwa ƙasar Jodan domin su koyo tuƙin jirgin sama. An yi murnar tafiyarsu, an yi ta dawowarsu, hotunansu cikin fararen riguna masu igiya a kafaɗa suka zagaye jaridu da shafukan sada zumunta. A yau wasu daga cikinsu suna tuƙa jiragen fasinja. Wasu kuwa, kamar yadda jaridu suka yi ta ruwaitowa a shekarun da suka biyo baya, sun daɗe a gida da lasisi a aljihu, babu kamfanin da ya neme su.

Har gobe idan zancen ya taso a dandalin siyasar Kano, gida biyu ake rabuwa. Magoya bayan shirin na cewa an buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da a da sai ɗan wane da wane ke shiga. Masu suka na cewa an kashe maƙudan kuɗi ba tare da an tanadi inda yaran za su sauka ba. Abin da musun bai cika taɓowa ba shi ne tambayar da ta fi amfani ga ɗalibin da ya gama sakandare bana, da mahaifin da ke tunanin sayar da fili dominsa: me zai sa mutum ya riƙe halastaccen lasisin tuƙi amma ya rasa jirgin da zai tuƙa?

Matakalar lasisi

Tuƙin jirgin sama sana'a ce da dokokinta kusan iri ɗaya ne a ko'ina, domin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ita ke shata mafi ƙarancin sharuɗɗa, kowace ƙasa kuma ta ɗora nata a kai. A Najeriya hukumar NCAA ke bayar da lasisi.

Ɗalibi kan fara da lasisin koyo, daga nan ya samu PPL, wanda ke ba shi damar tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, ba don a biya shi ba. Sai CPL, lasisin da ke halasta masa karɓar albashi, wanda ake bai wa ɗan shekara 18 zuwa sama bayan ya tara kimanin sa'o'i 200 a sama, ko 150 idan kwas ɗin na musamman ne da hukuma ta amince da shi. A kan wannan zai ƙara shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai, wato lokacin da gajimare ko hazo ya rufe ƙasa, da shaidar tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. A ƙololuwa akwai ATPL, lasisin da sai da shi mutum ke zama kyaftin na babban jirgin fasinja, kuma shi sai an tara sa'o'i 1,500. Akwai kuma jarabawar Turanci, domin da shi ake magana da hasumiya. Daga cikin matakai shida, wanda bai kai na huɗu ba bai tsallake ba.

A cikin gida, uwar makarantun ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi da Fiziks. Akwai kuma kwalejin da gwamnatin Kwara ta kafa a Ilorin. Masu hali kan tura 'ya'yansu Afirka ta Kudu, Amurka ko Gabas ta Tsakiya. A takarda kwas ɗin ba ya wuce shekara biyu, amma ɗalibi ba ya tashi sai da jirgi lafiyayye, da mai, da malami, da sararin sama mai haske. A Arewa, hazon hunturu kaɗai kan zaunar da ƙananan jiragen koyo na kwanaki. Kowane jinkiri kuwa kuɗin abinci ne da na masauki a kan iyaye.

Duk makarantun nan, na gida da na waje, a CPL suke sauke ɗalibi. Daga nan ne lissafin da ba a cika faɗa a wurin bikin yaye ɗalibai ba yake farawa.

Ramin da ke tsakanin lasisi da aiki

Jirgin da ɗalibi ya koyi tuƙi da shi ƙarami ne mai kujeru huɗu. Jirgin da kamfani ke ɗaukar fasinja da shi, kamar Boeing 737 ko Embraer, wata duniya ce daban, kuma doka ba ta yarda kowa ya zauna a ɗakin tuƙinsa ba sai ya yi kwas na wannan samfurin takamaimai, an buga masa shaida a lasisi. Wanda ke da shaidar Boeing 737 ba zai tuƙa Airbus A320 da ita ba. Kwas ɗin na makonni ne, akasarinsa a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma matuƙan Najeriya sun daɗe suna fita waje domin yin sa. Kuɗinsa kan kama tsakanin dala 20,000 zuwa 30,000.

A nan ne siyasar canjin kuɗi ke shigowa ɗakin matuƙa. A watan Mayun 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati. Bayan gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Idan aka ɗauki dala 25,000 a wannan farashi, an tashi da naira miliyan 37.5. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko da ba zai ci ko ƙwandala a ciki ba, sai ya yi sama da shekara 44 kafin ya tara wannan. Kuma wannan kuɗin kwas ɗin ƙarshe ne kawai, bayan an riga an biya na makaranta, wanda a Amurka yakan doshi dala 100,000. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. A wannan sana'a, har ƙofar birnin ma da dala ake buɗe ta.

Ko an biya, tsugune ba ta ƙare ba. Kamfani na son wanda ya riga ya tara sa'o'i a kan samfurin, saboda masu inshora da masu ba da hayar jirage suna duba ƙwarewar waɗanda za a damƙa wa dukiyarsu. Sabon matuƙi ba shi da sa'o'in, kuma ba zai same su ba sai an ɗauke shi. A Amurka, matasa kan cike wannan giɓi ta hanyar zama malaman tuƙi a ɗaruruwan ƙananan makarantu, ko tuƙa ƙananan jiragen kaya da na ɗaukar hoto. A Najeriya makarantun 'yan ƙalilan ne, ƙananan jiragen haya kuma ba su da yawa. Tsanin da ake takawa daga sa'o'i 200 zuwa sama ya rasa matakan tsakiya.

Wani abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne lasisin matuƙi ba kamar digiri ba ne da za a adana a akwati. Takardar lafiya tana ƙarewa duk shekara. Shaidar tuƙi da na'urori tana buƙatar sabuntawa. Wanda bai tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 ba, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya sake gwaji. Saboda haka matuƙin da ba shi da aiki yana kashe kuɗi ne domin kawai ya ci gaba da zama wanda za a iya ɗauka. Wanda ya gaji ya bari, bayan shekara uku ko huɗu sai ya tarar kusan sabon karatu ke jiransa.

To ina ƙarancin matuƙan da ake faɗa?

Dillalan makarantun waje suna yawan kafa hujja da hasashen kamfanin Boeing cewa duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekara 20. Hasashen gaskiya ne an yi shi. Sai dai kaso mafi tsoka na Asiya ne da Arewacin Amurka da Turai, rabon Afirka kaɗan ne. Kuma ɗan Najeriya ba zai je Amurka ya cike gurbi don kawai yana da lasisi ba. Sai da izinin aiki, sai da lasisin ƙasar, sannan tun 2013 dokar Amurka ta wajabta wa mafi yawan mataimakan matuƙa na jiragen fasinja sa'o'i 1,500 kafin su fara.

A cikin gida ma ƙarancin gaskiya ne, amma na ƙwararrun kyaftin ne. Su ne kamfanonin ƙasashen Larabawa ke janyewa da albashin dala, su ne kamfanonin gida ke ƙwace wa juna, su ne kuma ake ɗauko baƙi domin cike gurbinsu. Shi ya sa abubuwa biyu da suke kama da kishiyoyi suke faruwa a lokaci guda: kamfani na kukan rashin matuƙa, matasa masu CPL kuma na kukan rashin aiki. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, ta daɗe tana ƙorafi a kan yawan baƙin da ake bai wa izinin aiki alhali 'yan ƙasa na zaune. Kamfanonin kuma na cewa ba za su ɗora wanda bai goge ba a kujerar hagu don kishin ƙasa. Duka biyun suna da gaskiyarsu. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai ɗauki nauyin mayar da ɗanye ƙwararre.

Wanda ke yin wannan aiki a da

Arewa ba baƙuwar jirgi ba ce. A Kano jiragen sama suka fara sauka a Najeriya, a watan Nuwamban 1925. Kuma akwai lokacin da hanyar zama matuƙi ba ta bi ta aljihun uba ba. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, yakan ɗauki matasa, ya horar da su, ya ɗora su a kujerar dama, su girma a cikinsa har su zama kyaftin. Almubazzaranci da bashi da katsalandan suka cinye shi, aka rufe shi a 2003 a zamanin Olusegun Obasanjo. Shekara 15 bayan haka tsofaffin ma'aikatansa na bin gwamnati haƙƙoƙinsu. Habasha, wadda ta riƙe kamfaninta da kyau, har yau tana da makarantar da ke yaye matuƙa kai tsaye zuwa jiragen Ethiopian Airlines.

Yunƙurin maye gurbinsa ya zama abin da kowane mai bibiyar siyasa ya sani. A watan Yulin 2018 Hadi Sirika, wanda shi kansa matuƙi ne, ya ƙaddamar da suna da tambarin Nigeria Air a bajekolin Farnborough a Ingila. Wata biyu bayan nan aka dakatar da shirin. A watan Mayun 2023, ana saura kwana uku Muhammadu Buhari ya sauka, aka kawo jirgin Ethiopian Airlines Abuja da fentin Nigeria Air. Gwamnatin da ta biyo baya ta jingine batun, kuma a 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin na Habasha. Matasan da suka shiga makaranta a 2018 da fatan kamfanin ƙasa zai kwashe su sun gama karatu babu shi.

Aka bar fagen ga 'yan kasuwa, su kuma rayuwarsu gajeriya ce. Okada, Bellview, Sosoliso, ADC, Albarka, Chanchangi, IRS da Air Nigeria duk sun yi tashe sun shuɗe. Kabo Air, wanda ya yi suna wajen jigilar alhazai, ya daina tashi. Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar, hukumar AMCON ta karɓe shi a watan Fabrairun 2017 saboda bashi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kamfanin jirgi a Najeriya da naira yake sayar da tikiti, amma hayar jirgi, kayan gyara, inshora da horar da matuƙa duk da dala yake biya. A watan Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin ta yi barazanar dakatar da tashi baki ɗaya bayan litar man jirgi ta kai naira 700. Kasuwar kanta ƙarama ce: a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, tafiye-tafiyen jirgi da ake ƙirgawa a shekara, na gida da na waje, ba su kai miliyan 20 ba. Da annobar korona ta rufe filayen jirage a watan Maris na 2020, cikin watanni kaɗan gwamman matuƙa suka rasa aiki, ciki har da tsofaffin hannu.

Akwai wani batu na doka da ya fi kowane jawabin minista tasiri ga makomar sabon matuƙi, ko da yake ba ya jan hankali a kafafen sada zumunta. Hayar jirgi iri biyu ce. Akwai wadda mai jirgi ke bayar da shi tare da matuƙansa da injiniyoyinsa, akwai kuma wadda yake bayar da shi tsura, mai haya ya zuba nasa ma'aikatan. Shekaru da dama masu jirage na ƙasashen waje suna ɗari-ɗarin bai wa kamfanonin Najeriya haya tsura, saboda idan an gaza biya, ƙwato jirgin ta kotu kan zama aiki. Sai kamfanonin suka koma ga haya mai ma'aikata, wadda ke zuwa da baƙi a kujerun gaba biyu. A watan Satumban 2024 aka sa hannu kan ƙa'idojin kotu na aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, domin sauƙaƙa wa masu jirage karɓar kayansu. Idan hakan ya jawo haya tsura da yawa, kowane jirgi ɗaya zai buƙaci matuƙa da dama na gida, domin jirgi na yini yana aiki, su kuwa doka ta iyakance musu sa'o'i. Mai son shiga sana'ar ya fi buƙatar sanin jirage nawa ne suka shigo da rajistar Najeriya a bara fiye da sanin hasashen Boeing.

Wannan ne kuma ma'aunin da ya kamata a ɗora duk wani shirin gwamnati a kai, na jiha ne ko na tarayya, na wace jam'iyya ne. Tura ɗalibai su samo CPL shi ne ɓangaren da ke da hoto da biki. Ɓangaren da ba shi da biki shi ne kuɗin kwas ɗin samfuri, da yarjejeniya a rubuce da kamfanin da zai ɗauke su, da tabbacin cewa gwamnati mai zuwa ba za ta yi watsi da su ba don wanda ya tura su abokin hamayya ne. Shirin da bai tanadi waɗannan ba ya gina gada ne zuwa tsakiyar kogi.

Idan an samu kujerar

Albashin kyaftin yana cikin mafi kyau a ƙasar, wannan ba gardama. Amma sabon mataimaki yakan fara ne da bashi a wuya. Kamfanin da ya biya masa kwas ɗin samfuri zai ɗaure shi da yarjejeniyar shekaru, ko ya riƙa cira daga albashinsa, kuma idan kamfanin ya durƙushe, shaidar samfurin da ya riƙe ba lallai ta yi amfani a na gaba ba.

Jarabawa kuma ba ta ƙarewa. Duk wata shida matuƙi zai koma na'urar kwaikwayo a kashe masa inji, a kunna masa gobara, a ga yadda zai yi. Duk shekara zai tsaya gaban likita. Farfaɗiya, wasu cututtukan zuciya, ciwon sikila da kasa bambance launuka suna cikin abubuwan da kan hana takardar lafiya mai daraja ta ɗaya. Sa gilashi kuwa ba ya hanawa matuƙar yana gyara gani. Hawan jini ko ciwon suga da ya bayyana a shekara 40 na iya girgiza sana'ar da aka kashe dukiyar gida a kanta. Wanda ya tsallake duka, a shekara 65 zai sauka daga jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa.

Sai nauyin rai. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton bincike ya ambaci shawarar tashi cikin mummunan yanayi a jerin musabbabai. Aikin matuƙi ya haɗa da iya cewa ba za a tashi ba, alhali fasinjoji na zagi a zauren jira, manaja na kira a waya, wani babban mutum kuma na da taro. Mai jin kunyar manya fiye da kima, ko wanda ke tsoron a ce ya gaza, yana da aikin da zai yi a kan halinsa kafin ya yi a kan Fiziks.

Wa ya kamata ya shiga?

Hanyar ta fi dacewa da mutum uku. Na farko shi ne wanda gidansu za su iya biyan makaranta da kwas ɗin samfuri, su kuma riƙe shi shekara biyu ko uku yana jira, ba tare da an sayar da gidan da ake kwana a ciki ba. Na biyu shi ne wanda kamfani ko gwamnati ta ɗauka da alƙawarin aiki a rubuce. Na uku shi ne wanda ya bi ta Rundunar Sojin Sama, wadda ke horar da matuƙanta a Kaduna da Kano ba tare da sun biya ba, sai dai shi soja ne kafin komai, zai je inda aka tura shi, har da fagen fama, kuma zai yi shekaru kafin ya samu damar komawa jiragen farar hula. Ƙofar ba ta maza kaɗai ba ce: Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, har shugabancin kwalejin Zariya ta riƙe.

Wanda bai faɗa cikin ukun nan ba, ba a ce ya haƙura da filin jirgi ba. Kwalejin Zariyar tana koyar da gyaran jirage, da kula da zirga-zirgarsu daga hasumiya, da tsara tafiyarsu daga ƙasa, kuma kuɗin waɗannan bai kama ƙafar na tuƙi ba. Yin digiri kafin shiga tuƙi ma ba ɓata lokaci ba ne, tunda wanda ya fara yana ɗan shekara 24 yana da shekara 40 a gabansa, ga kuma abin komawa idan likita ya ce a'a.

Shi ya sa masu sana'ar ke ba da shawarar a fara daga inda ya fi araha. Kafin a biya kowace makaranta ko sisi, mai sha'awa ya je wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi masa gwajin daraja ta ɗaya. Idan makarantar ta waje ce, ya tabbatar hukumar za ta karɓi lasisinta ta musanya masa da na gida, kada kuma ya biya kuɗin kwas gaba ɗaya a dunƙule, domin makarantun tuƙi ma suna karyewa da kuɗin ɗalibai a ciki. Sannan ya nemi waɗanda suka gama a wannan makaranta shekara uku da suka wuce, ba waɗanda hotonsu ke jikin takardar talla ba, ya tambaye su mutum nawa ne a ajinsu, kuma nawa ne ke tashi a yau.